Ranar da Gishiri Ya Yi Yawa

"Ɗauke kwanon nan, Malam... don Allah!"

Auta ta kawar da kai. Tun da ta gama jinyar ciwon daji, duk abin da ta sa a baki sai ta ji kamar ƙusa take tsotsa. Likita ya ce ta warke, amma harshenta bai samu labari ba.

Malam, saurayinta mai koyarwa a firamare, bai lallashe ta ba. Ya ja kwanon ya hau ci abinsa, har da lumshe ido.

Ta saci kallonsa.

"Yaya yake?"

"Ɗan tsami-tsami, yaji na biye da shi. Ki lasa ki ƙaryata ni, rabin raina."

Ta lasa don ta ƙaryata shi. Haka suka riƙa yi kullum, yana bayani, tana lasa tana gardama, har loma ta fara wucewa.

Sai dai Ummansa ta ce ba za a yi auren ba. 'Yar ƙanwarta, wadda ta daɗe da sa wa Malam ido, ta kai mata gulma cewa Auta ba ta bambance sukari da gishiri.

"Wa zai ciyar min da ɗa?" in ji Umma.

Abin ya yi wa Auta ciwo ƙwarai. Ta aika a ce Umma ta zo ta ci girkinta.

Ranar ta dafa shinkafa da miya. Ta zuba gishiri, ta lasa, ba ta ji ba, ta ƙara.

Umma ta kai loma, ta haɗiye da ƙyar. Malam ya ci yana murmushin dole.

Auta ta ɗiba ta kai baki. Ta tsaya cak. Ta sake ɗiba.

"Gishiri!" ta ce da ƙarfi. "Wayyo Allah, ya yi yawa! Malam... na ji shi! Wallahi na ji!"

Tana dariya hawaye na zuba, ta manta gaban wa take.

Umma ta dube ta, tausayi ya kama ta. Sannan ta matso, ta tura mata nata kwanon.

"Ci, 'yata. In kin tare, ni zan riƙa ɗanɗana miki miya kafin ki sauke."