Ganyen Gwaten Amarya

Godwin ba neman aure ya fito ba a ranar. Dashen mangwaro ya zo saya wa makarantar da yake koyar da ilimin tsirrai a Tarauni. Ya sauka daga adaidaita-sahu a Gyaɗi-Gyaɗi, bakin wani lambun sayar da furanni, sai ya tarar da wata budurwa a tsugune tana ba wa wata siririyar bishiya ruwa a tukunya, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jariri.

"Sannu da jinya," in ji shi. "Bishiyar fayin a zafin Kano? Wa ya ɗora wa baiwar Allah wannan wahala?"

Ta ɗago ta harare shi, sai dai hararar ba ta da ƙashi.

"Ta Babana ce. Daga Filato ya kawo ta. Yara suna ce mata bishiyar Kirsimeti."

"Tana da kyau, amma marowaciya ce. In aka cika dutse da ita, ba ta barin komai ya tsiro a gindinta."

"To kai ma matsa, ka tare wa furannina rana."

Ya matsa, amma bai tafi ba. Asabe ce sunanta. Daga ranar Godwin ya zama mai son dashe, yau gwaiba, jibi lemo, har shugaban makaranta ya tambaye shi ko daji yake shirin mayar musu da filin ƙwallo.

Waya kuwa ba ta huta ba.

"Mai lambuna, na shayar da mangwaro, saura ni. Wa zai shayar da ni da muryarsa?"

"Malam Ganye, ka cika surutu. Ka ci abinci tukuna, sai in kira ka."

Da magana ta yi nisa, ta sa masa ranar zuwa gaida iyayenta a Unguwar Gano. A bakin ƙofa ta riƙe masa hannun riga.

"Don Allah, masoyi, ka yi maganar komai, ban da fayin. Baba ne ya shugabanci waɗanda suka shuka ta a dutsen ƙauyenmu, lokacin yana ma'aikacin gandun daji. Hoton ma yana rataye a falo."

Godwin ya yi alkawari, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Ya durƙusa ya gaida Baba Markus da Mama Ladi, ya sha zoɓo, hira tana tafiya daidai. Sai tsohon ya nuna hoton da sandarsa.

"An ce ka karanci tsirrai. Faɗa mini gaskiya, me ka gani a nan?"

Asabe ta zuba masa ido. Shi kuwa bawan Allah, bakinsa bai iya kwana-kwana ba.

"Baba, aiki ne babba, ya ba da katako, ya riƙe ƙasa. Sai dai in fayin ta yi yawa, inuwarta kan rufe ƙasa, ganyenta mai kamar allura ya zube ya yi katifa. Ganyayen miya da na magani da suke wurin tun kaka da kakanni sai su rasa inda za su ɓullo."

Mama Ladi ta tashi wai za ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba.

"Wato kashe dutsen ubana na yi," in ji Baba Markus.

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"A gidanmu ba a kai amarya sai an dafa gwaten acca da wani ganye mai ƙamshi da ke fita a dutsen nan. Ganyen amarya muke ce masa. Je ka kawo shi daga dutsen da na shuka. In ka samo, ka san ƙarya ka yi mini. In ba ka samo ba, ka yi gaskiya, sai ka auri gaskiyarka ka bar mini 'yata."

Asabe ta yi kuka har idonta ya kumbura. Tana son Godwin, so na gaske, kuma ta san Babanta ba ya mayar da magana.

Dama akwai Callistus, mai shagon katako, wanda ya daɗe yana zagaye gidan. Shi a wurinsa fayin ba ta da aibi, tunda allunanta yake sayarwa. Da ya ji labari sai ya ƙara yawan zuwa gaisuwa, yana yabon hoton falo har da girgiza kai.

Da aka ba da hutun makaranta, damina ta kankama, Godwin ya hau mota. Daga tasha ya turo saƙo.

"Zuciyata, ba zan yi wa Baba ƙarya ba, ba kuma zan sayo ganye a kasuwa in ce na dutse ne ba. Ki yi mini addu'a kawai."

"Allah Ya kai ka lafiya, Malamina. Ka sa rigar sanyi. Ko ganye ko babu, ni dai ka dawo mini."

Daga nan shiru. Ta kira, ba ta shiga. Ta turo saƙo, ba amsa. Callistus ya zo lambu ya tsaya yana kaɗa makullin mota.

"Asabe, ki daina wahalar da kanki. Malamin nan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya zarce garinsu. Ni kuwa ga ni."

"Na gan ka," ta ce. "Kana taka mini dashe."

Ta ba shi amsa da ƙarfin hali, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Abinci ya daina shiga. Har furannin lambu sai da suka ji a jikinsu.

Ranar wata Lahadi, sun dawo daga coci ke nan, aka yi sallama. Godwin ne, ya rame, takalminsa duk jar laka, yana rungume da wani tsohon bokiti. Asabe ta dafe ƙirji, ta zauna a kan turmi tana dariya tana hawaye.

"Babu sabis a can," ya ce mata a hankali. "Ki yafe ni."

Tun kafin ya ajiye bokitin ƙamshi ya cika tsakar gida. Mama Ladi ta tsinki ganye ɗaya ta murza, ta kai hanci, ta rufe ido.

"Shi ne, Baban Asabe. Wallahi shi ne. Har da saiwarsa ya haƙo."

Baba Markus bai taɓa ganyen ba. "A gindin fayin ka same shi?"

Asabe ta roƙi Godwin da ido. Kalma ɗaya ce, ya ce e, a wuce wurin.

"A'a, Baba. Na bi gandun daga ƙasa har sama, ban ga komai a gindinsu ba sai busasshen ganye. Har na fid da rai. Sai wata tsohuwa ta nuna mini wani kwari a bayan babban dutse, inda ruwa ke gangarowa. Ba a shuka fayin ko ɗaya a wurin ba. Baba, da kun ga wurin! Tsohon daji ne cif, itatuwa iri-iri, da ganyayen da ni kaina ban san sunansu ba. Ta ce wani saurayi shugaban leburori ne ya hana a sare shi, har ya kusa rasa aikinsa."

Tsohon ya nemi kujera ya zauna.

"Kwarin yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Innata ce ta tsaya a gabana da kwandonta, ta ce in na taɓa shi kada in ƙara cin tuwonta." Ya yi dariya, muryarsa ta karye. "Tun da ta rasu ban koma ba. Ina tsoron in je in tarar waɗanda suka zo bayana sun share shi. Ran nan da ka yi magana, abin da nake tsoro ne ka faɗa da baki."

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, irin ta wanda ya sauke buhu daga ka. Sannan ya dubi Godwin.

"Ka iya cewa a gindin fayin ka samo, ba mai ƙaryata ka."

"Da ƙarya zan shiga gidanku ke nan, Baba."

"Tashi daga ƙasa, ɗana. Ka turo manyanka."

Mama Ladi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Asabe ta gudu ɗaki don kunya, daga can ta turo saƙo ga mutumin da ke tsaye a tsakar gidansu.

"Malam Ganye, yau ne na fara numfashi. Je ka yi wanka, kana warin daji."

Bayan girbi aka ɗaura aure a coci a Tarauni. Ganyen ya kama a inuwar lambu, aka tsinka aka dafa gwaten acca tukunya guda, mutane suka yi ta neman ƙari, har da Callistus, wanda ya zo da kyautar tebur ya kuma cinye kwano biyu.

Da za a tafi da amarya, Baba Markus ya ɗora hannu a kan su biyun.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. In kun huta, ku zo ku kai ni gida. Ina so in ga kwarin Innata da idona."

"Amin, Baba," suka amsa tare, Asabe tana share masa hawaye da bakin mayafinta.