Motar da Ke Mutuwa Idan An Taka Birki

Abin ya fara ne wata magariba, kaji sun shige akurki, unguwa ta yi tsit. Wani bakanike yana kwance a ƙarƙashin motarsa a tsakar gida. Atomatik ce, kuma wallahi sati biyu ta yi tana ba shi kunya. A kan hanya lafiya lau take gudu, amma da ya taka birki zai tsaya, sai ta yi kakari ta mutu. Ya wanke totur, ya canza fulogi, ya ɗaga silo don injin ya ƙara kaɗawa a tsaye, duk a banza. Ranar sai ya zargi man giyar motar. Ya tsiyaye shi da zafinsa a cikin tasa, ya ɗauki tasar ya nufi lungun bayan ɗaki.

Matarsa ta ce, "Baban Auta, magariba ce fa. Ka yi bismilla mana."

"Ke dai kawo min tsumma," in ji shi, ya sheƙa man a ƙasa.

Ko minti biyar ba a yi ba, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Shiru. Sai wani. Sai wani kuma. Aka leƙa waje, ba kowa. Da suka dawo, sai ga Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyar, zaune a gaban mota, idanunta sun kafe, tana dariya da muryar ƙaton namiji.

Kwana uku yarinyar nan ba ci ba sha. Shi kuwa, don kada ya haukace, sai ya koma kan injin. Rana ta uku da la'asar, matarsa ta taka masa birki, ya kasa kunne, ya ji wani siririn huci. Ashe tiyon iskar birki ne ya tsage ta ƙasa: kana takawa, iska ta yi wa injin yawa, ya shaƙe. Ya sa sabo. Bai ma gwada ba Malam mai ruƙiyya da suka aika a kira ya yi sallama.

Malam ya daɗe yana karatu a kan Auta. Duhu na sauka a hankali. Can muryar ta fito.

"Ya ƙona min ƙafa da mai."

"Ya yi kuskure," in ji Malam. "Me kake so?"

"Motar. Dama ni nake kashe ta, duk inda ya tsaya ni nake shaƙe ta. A bar min ita ta zama ɗakina, in ba haka ba yarinyar ce ɗakina."

Uwar ta fashe da kuka. "Ka ba shi! Ƙarfe ne fa!"

Malam ya girgiza kai. "In aka ba shi yau don tsoro, gobe wani abin zai nema."

Bakaniken ya miƙe. "Ƙona ka, na ƙona ka, ka yafe min. Amma kai ke kashe mota? Ƙarya kake, malam aljani. Shekara ashirin ina cikin baƙin mai. In kai ne, kashe ta yanzu mu gani."

Ya shiga, ya tayar, ya sa giya. Ransa na cewa, in fa ba tiyon ba ne? Motar ta gangara har bakin ƙofa. Ya taka birki.

Injin ya ci gaba da kaɗawa, sumul.

Ya ja baya ya sake takawa. Ya leƙo ta taga. "Ina jiranka!"

Muryar ta ƙanƙance. "To... a ba ni tayar baya."

"Ko noti ɗaya."

Malam ya ɗaga murya da karatu, Auta na murƙususu, har abin ya yi ihu, "Zan fita! A dai rufe man nan da ƙasa, 'ya'yana na bi ta wurin."

"Wannan haƙƙinka ne," in ji bakaniken. Ya ɗauki shebur, ya yi bismilla da ƙarfi har maƙwabta suka ji, ya rufe lungun.

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido, ta kalli uwarta, ta kalli motar da har yanzu take a kunne. Da 'yar muryarta ta ce, "Baba, ka gano ciwon nata?"

Ya durƙusa ya rungume ta, hannu duk baƙin mai. "Tiyo ne, Auta. Tiyo ne kawai."