Jinin Da Ya Ƙi Tsayawa

"Matsa min a ƙofa, Yaya!"

"Ba inda za ka da ita!"

Auta ya dubi yayansa, mutumin da ya riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ya koya masa kanikanci, ya yi masa aure. A kafaɗar Auta kuwa matarsa ce jingine, zaninta sharkaf. Tun da ta haihu da hantsi jini ya ƙi tsayawa.

"Matan gidan nan a ɗaki suke haihuwa," in ji Yaya. "Ta sha jiƙo, zai tsaya. Wani ƙato ba zai buɗe mana iyali a asibiti ba!"

"Masoyi..." ta ce da ƙyar, "duhu nake gani..."

Auta ya yunƙura zai wuce. Mari ya sauka a kuncinsa, tas! Naushi ya biyo baya, leɓensa ya fashe. Bai taɓa ɗaga wa Yaya ko murya ba, amma yau ya zaunar da matarsa a dakali, ya ci kwalar Yaya, ya maka shi da bango. Goshin Yaya ya daki ƙarfen taga, jini ya wanke masa fuska.

"Ni ka daka, Auta?"

"Ka yafe min... mutuwa za ta yi!"

Matar Yaya ce ta zare sakatar ƙofa, jariri a hannunta. "Ɗauke ta mu tafi! Haka na rasa ƙanwata."

A asibiti likita ta fito da sauri. "Ragowar mahaifa ce ta maƙale, mun cire. Amma sai an ƙara mata jini yanzu."

Aka gwada na Auta, bai dace ba. Na matar Yaya ma haka. Auta ya durƙushe a baranda yana kuka kamar yaro.

Sai ya ga takalman da ya sani a gabansa. Yaya ne, goshi ɗaure da tsumma, riga duk jini. Bai kalli ƙaninsa ba, ya naɗe hannun riga.

"A gwada nawa."

Da yamma matar Auta ta buɗe ido. "Masoyi, wa ya fasa maka baki?"

"Wanda jininsa ke jikinki, hasken raina."

Daga gadon gefe Yaya ya juyar da kai bango, yana ɓoye hawayensa.