Ƙyallayen Gidan Hajiya Kubura

"Atamfa sabuwa dal, Ummu. Ko ruwa ba ta taɓa gani ba, kika sa mata almakashi."

"Ai ba yaga ta na yi ba, Malam. Yanka ta na yi."

"Mi ye bambancin?"

"Yanka da dizain ake yin shi."

Mudassir ya ɗaga guntun atamfar da bai wuce tafin hannu ba, ya juya shi gaba da baya kamar mai neman inda aka rubuta dalili. Wata bakwai da aurensu, suna zaune a ɗan gidan haya bayan Ƙofar Ƙaura, kuma babu abin da ya taɓa haɗa su faɗa sai wannan sha'awa ta Ummukulsum. Tun tana makaranta ta ga wata mata a waya tana haɗa ƙananan ƙyallaye, ta ɗinke su ɗaya bayan ɗaya har su zama bargo mai launi kala-kala. Daga ranar abin ya shiga ranta bai fita ba.

"Ki duba fa," in ji Mudassir. "Ki sayo yadi, ki yayyanka shi, sannan ki zauna wata guda kina sake haɗe shi. Ai da ma a haɗe kika sayo shi."

"Kai ba ka san fasaha ba."

"Na san albashin malamin firamare. Ga zare, ga soson ciki, ga yadin baya. Wallahi aljihuna ba shi da ƙarfin wannan fasaha."

Ummu ta turo baki, amma a zuciyarta ta san gaskiyarsa. Ta ninke guntun atamfar ta ce, "Shi ke nan. Daga yau ko rabin yadi ba zan ƙara saye ba. Amma bargo sai na yi."

Washegari ta nufi unguwar Gobarau, shagon Malam Sada, telan da ya shekara talatin yana yi wa gidan su Mudassir ɗinki. Malam Sada mutum ne da ba ya zubar da komai. Da ta faɗa masa buƙatarta, sai ya jawo wani tsohon buhu daga ƙarƙashin keke ya zazzage shi a tabarma.

"Kwashi, amarya, kin rage mani kaya. Kin ga wanga? Ankon bikin Jummai ne, yayar mijinki. Wanga kuma leshin Lailatu ne, wanda ta yi shekara tana cewa na ci mata rabin yadi. Wanga na surukarki ne, Hajiya Kubura."

Babu ƙyallen da bai san mai shi ba. A nan dabara ta faɗo wa Ummu. Hajiya ta daɗe tana kukan gwiwoyinta in sanyin damina ya shigo. Me zai hana ta ɗinka mata bargo da ƙyallayen 'ya'yanta da jikokinta duka? Ta ciro takarda, Malam Sada na faɗin suna tana rubutawa, tana maƙale kowane suna a jikin ƙyallensa da fil don kada ta rikice.

Soson ciki ba ta saya ba, wani tsohon bargonta ta wanke ta shanya. Yadin baya kuwa zanen gadonta ne da ya koɗe ta gefe ɗaya. Zare kaɗai ta saya. Mudassir yana ganinta tana ɗinki, amma ba ta gaya masa na wane ne ba, don ta san shi: da ya zauna gaban tuwon Hajiya, duk wani sirri sai ya biyo miya ya fito.

Bayan wata biyu fuskar bargon ta kammala. Ɗan keken ɗinkinta ba ya iya cin hawa uku a haɗe, sai ta kai wa Malam Sada ranar Litinin ya haɗe mata da babban kekensa. Ragowar ƙyallayen ta zuba a leda ta tura bayan kujera.

Ranar Talata Yaya Lailatu ta zo. Ita ce babbar yayar Mudassir, mace mai magana da hannu ɗaya a ƙirji ko da farashin tumatir take faɗi. Ummu na kicin tana haɗa mata zoɓo, ita kuma ta leƙa bayan kujera neman sallaya, ta jawo ledar. Abin da ta fara gani shi ne guntun leshinta, da sunanta a takarda, da fil a soke ta tsakiya.

Ko zoɓon ba ta jira ba. Ta tari napep da ledar a hannu, tana riƙe da ita nesa da jikinta.

Kafin magariba an kira Mudassir da matarsa gidan Hajiya a Gobarau. Suka tarar an baje ƙyallayen a faranti a tsakar gida, babu mai taɓawa da hannu, Jummai, ƙanwar Lailatu kuma abokiyar faɗanta ta kullum, ita ke juya su da bayan cokali. Duk wanda ya tashi a garin nan ya sha jin cewa in za a yi wa mutum asiri, guntun tufarsa ake nema a kai wa boka da sunansa. Ga guntaye, ga sunaye, ga fil.

"Shi ya sa," in ji Lailatu, hannu a ƙirji. "Sati uku kaina na sara ta gefen hagu. Ku duba inda aka soka fil ɗin. Hagu."

Hajiya Kubura ta dubi Ummu. "Ke yarinya, mi muka yi maki?"

Ummu ta durƙusa. "Hajiya, wallahi bargo nake ɗinkawa. Naki ne. Sunayen don kada in manta na rubuta."

"Ina bargon?"

"Yana shagon Malam Sada."

Jummai ta fita ta dawo. Shago a kulle. Maƙwabta sun ce Malam Sada ya tafi Funtuwa ta'aziyya, sai Juma'a. Aka kira wayarsa, a kashe.

"Kun gani," in ji Lailatu. "Har shaidar an kora daga gari."

Hajiya ta ce, "Ta tahi gidansu har Juma'a. In an ga bargo, to. In ba a gani ba, ba ni ba zama da mai tara mani ƙyallen ɗiya."

Mudassir ya matso ya durƙusa kusa da matarsa. Shi ne autan Hajiya, bai taɓa mayar mata da magana ba.

"Hajiya, ki yi haƙuri. In ta je gida da wannan zargi, kafin Juma'a ya zaga Katsina. Ko bargo goma aka kawo daga baya, sunan ba zai goge ba. Ki bar ta a ɗakinta kwana ukun nan. In babu bargo, duk abin da kika yanke na bi."

"An gama da shi," Lailatu ta faɗa wa Jummai, da raɗar da har zaure ana ji.

Hajiya ta dubi ɗanta. "To, Auta. Amma abincinka daga gidan nan zai riƙa fita."

Da suka koma gida Ummu ta zauna bakin gado tana kuka.

"Kai ma ka yi zargina, ko?"

"Ni? Ummu, boka kuɗi yake karɓa. Ke da na hana ki kuɗin yadi, da mi za ki biya shi?"

Dariya ta kufce mata cikin hawaye. Ya zauna kusa da ita ya ce, "Laifin nawa ne. Ni na tura ki tsintar ƙyalle."

"Ba ka tura ni ba. Gaskiya ka faɗa, ni kuma na nemi hanya."

Kwana ukun nan Ummu ba ta kira mahaifiyarta ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Kullum da safe sai ta kira Hajiya ta gaishe ta, a amsa da "lafiya" guda ɗaya a kashe. Shi kuwa Mudassir, kwanon Hajiya na isowa sai ya cinye tas, ya juyo ya jawo na matarsa.

"Hajiya cewa ta yi in ci nata," in ji shi. "Ban ji ta ce in bar naki ba."

Ranar Juma'a wandonsa da ƙyar ya ɗauru.

Ana saukowa daga masallaci Malam Sada ya yi sallama a gidan Hajiya, da ƙunshi ɗaure a bayan babur. Tun a hanya labari ya riske shi, don haka ko gaisuwar ba a gama ba ya kwance ƙunshin, shi da Mudassir suka kama gefe-gefe suka shimfiɗa a kan tabarma.

Aka taru a kansa. Sai Jummai ta ce, "Kai, ga ankon bikina." Wata jika ta hango rigar sallarta ta bara. Lailatu ta leƙo daga nesa, ta ga leshinta a zaune daram, ta matso kaɗan.

Hajiya ta sunkuyo daga kan kujerarta. Idonta na kan tsakiyar bargon, inda aka sa wata shadda ruwan toka, atamfar Hajiya na kewaye da ita, daga nan 'ya'ya suka jeru bi da bi yadda aka haife su, jikoki a baki-baki.

"Sada," ta ce a hankali. "Wagga shaddar..."

"Ita ce, Hajiya. Ragowar babbar rigar maigidanki marigayi Alhaji Usaini, wadda ya sa ranar da kuka dawo daga Makka. Shekara goma sha ɗaya tana cikin buhuna, na kasa zubarwa. Yarinyar nan ce ta ce a tsakiya za ta zauna."

Hajiya ta sauko daga kujera ta ɗora tafin hannunta a kan shaddar. Hawaye ya zubo mata. Ta miƙa ɗayan hannun ta kamo Ummu.

"Ɗiyata, ki yahe mani. Kina haɗa mani iyalina wuri guda, ni kuwa ina shirin raba ki da naki."

"Ba komai, Hajiya. Ni ma da na faɗa tun farko."

Hajiya ta share ido ta dubi 'ya'yanta. "Ku ji da kyau. Mun ga ƙyalle da fil, muka yanke hukunci kafin mu ga aikin. Da Auta bai tsaya ba, da ita ba ta yi haƙuri ba, da mun kashe aure a kan alheri. Kada wanda ya ƙara zargin ɗan'uwansa a gidan nan bai bincika ba."

Ta sa aka jawo tsohuwar akwatinta, cike da zannuwan da ta daina ɗaurawa. "Kwashi duka, ki yi ta yankawa." Babu wanda ya kai Mudassir yawan godiya.

Lailatu ta tsuguna ta shafa leshinta, ta shafa ankon Jummai da aka ɗinke a jikinsa. Ta ɗago, hannu a ƙirji.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma tun ranar da aka ɗinke ni jikin Jummai ban ƙara jin sha'awar yin faɗa da ita ba. A dai bincika."