Kofin Mama Ya Makara

"Kai ka ja min!" in ji Nayeli.

Tobin ya tsaya a ƙofar kicin, hula a hannu. Ɗan nan garin Duluth ne na asali, irin waɗanda in ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri.

"Na yarda ni ne... amma me na yi?"

Bai yi komai ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Wata biyu da zuwanta daga garinsu Oaxaca a shirin musayar ɗalibai, jami'a ta sauke ta a gidan Darlene, mahaifiyar Tobin. Kimiyyar ruwa ta zo karanta, ta ɓuge da nazarin ɗan masu gida.

Jiya dangin suka tafi tafki don janye gadar katako kafin ruwa ya daskare. Nayeli ta shiga ruwan har gwiwa, ta yi ihu, Tobin ya dumama mata hannu a aljihunsa. Har suka dawo ba ta tuna biyu ga Nuwamba ce ba, ranar da a garinsu ake cewa mamata suna ziyartar gida. Kuma ta farko tun rasuwar mahaifiyarta.

Ta yi wa babanta alkawarin shirya wa marigayiyar teburin tarba: hotonta, kyandir, baƙin kofi. Da safiyar nan ya turo saƙo yana tambaya, ta amsa: "Na yi, Baba." Ya ce zai kira ta bidiyo ya gani.

Darlene ta riga ta ɗaura ɗamara. Mace ce da ta yi imani babu baƙin cikin da tanda ba ta narkarwa. Ta shimfiɗa ƙyalle, ta jera furanni ruwan ɗorawa, ta dire tiren dankali gaban hoton.

"'Yar nan, marigayiyar tana cin cuku?"

Nayeli kuwa Tobin take harara.

"Baba ba zai gane yau aka shirya ba," ta ce masa.

"Ban ce komai ba, masoyiya."

"Fuskarka tana cewa!"

"To, bari in kai ta bayan firij."

Wayar ta yi ƙara. Babanta, Eusebio, ya bayyana da farar rigar zuwa coci, wuyanta a karkace, don mai gyara masa ba ta nan. Ta haska masa teburin, ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau, autata... Kin san jiya a maƙabarta ban riƙe uwarki da hira ba? Na ce, Rosalba, tashi ki kama hanya, yarinya na jiranki, garin da nisa. Shekara talatin ban taɓa korarta ba sai jiya."

Ya yi dariya. Ita kuwa ji ta yi kamar an sake tsoma ta a tafkin.

"Baba..."

"Ta samu kofinta da zafi?"

"Baba, yau na shirya teburin! Jiya ba na gida. Ina tafki, ina ta dariya... na manta da ita!"

Darlene ta tuna tana da aiki a gareji, inda rabonta da shiga tun bazara.

"Ashe gidan da ba kowa na tura ta," babanta ya ce a hankali.

"Ka yafe min, Baba."

"Mantuwar, wannan tsakaninki da uwarki ne. Ita ma ta taɓa manta ki a kasuwa, sai ku daidaita." Ya share ido da bayan hannu. "Amma saƙon safen nan nawa ne. Ni kaɗai na rage miki da za ki yi wa ƙarya, Nayeli, kuma ba ni da ƙarfin ɗauka."

Kuka ya ci ƙarfinta, kai kawai take gyaɗawa.

Ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya matso da fuska har hancinsa ya cika wayar.

"Kin ce dariya. Tun jana'iza ban ji kin yi ba. Wa ya sa ki?"

"Ba kowa..."

"Nayeli!"

"Tobin ne."

"Dogon da kunnensa ke leƙowa ta bayan firij? Kira min shi."

Tobin ya fito, fuska ta yi ja kamar tumatir, ya gaida shi da kalma biyun da ya sani a harshensu, duka a karkace.

Eusebio ya auna shi sama da ƙasa.

"Faɗa masa, a gidanmu ba a zubar da rabon mamaci. In ta gama, 'yan gida ke shanyewa."

Nayeli ta fassara. Tobin ya dubi hoton, ya dubi kofin da ya huce, baƙi wuluk ba sukari.

"Ni?"

"'Yan gida ya ce."

Ya ɗauka da hannu biyu, ya sha rabi, fuskarsa ta yamutse. Sauran ya miƙa mata.