Tagar da Ta Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Ranar da Auta ya fara ganinta, tana tsaye kusa da tarin bulo, hular kwano a kanta, tana auna bangon gidan da Babansa ke ginawa. Kamfanin ginin ne ya turo ta. Aikinta, duk canjin da mai gida ya nema, ta zo ta auna, ta faɗi abin da zai ci.

"Idan babu canji fa?" in ji Auta.

"Sai in yi zamana a ofis," ta ce, tana naɗe tef ɗinta.

Ai kuwa ta jawo wa kanta. Washegari Auta, wanda Baba ya ɗora a kan kula da ginin, ya ce tagar falo ta yi ƙasa. Ta zo ta lissafa siminti, bulo da ladan birkila, hira ta kai su har la'asar. Ba a jima ba tagar ta yi sama. Daga nan kuma ta yi ƙanƙanta. Birkila tun yana gunaguni har ya koma dariya.

Saƙonta ya shigo wayar Auta: "Sarkin canji, fasa bango ya fi gina shi tsada fa. Ka tausaya wa tagar nan."

Nan take ya mayar: "Mai awona, ni ya kamata ki tausaya wa."

Murna ta koma ciki ranar da Baba ya ga jimillar kuɗin. Ya iso wurin ginin a fusace, ya ce yarinyar nan da birkila sun haɗa baki suna cutarsa, yau sai ya sa an kore ta daga aiki. Idonta ya ciko da ƙwalla, amma ba ta tona Auta ba.

Auta ya durƙusa cikin yashi. "Baba, lissafinta daidai yake. Kowane canji ni na nema. Ganinta kawai nake so."

Baba ya dubi bangon da ya sha faci, ya dubi ɗansa.

"Kai, sakarai! Ba ka iya tambayar hanyar gidansu ba ne?" Sannan ya juyo, ya sassauta murya. "'Yata, ki yafe mini. In na ce a mayar da benen nan sashen amarya, nawa zai ci?"

Ta rufe fuska da mayafi, dariya na neman ƙwace mata. "Baba, wannan sai an tambayi Abbana."

Kafin a gama fenti aka ɗaura aure. Ranar, Baba ya fi kowa fara'a.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya," ya ce. "Ke kuma 'yata, daga yau ko ƙusa yaron nan zai saya, sai da sa hannunki."