Ɗan Mai Wake

Yunwa ce ta kawo Selma gaban teburin karɓar baƙi na otal ɗin. Daga Sweden ta zo Alƙahira ƙaro Larabci, kuma tun saukarta burodi da tumatir kawai take ci.

"Don Allah, ina zan samu abincin da babu nama, babu ƙwai, babu madara, babu man shanu?" ta tambaya da Larabcinta mai tuntuɓe.

Hazem, ma'aikacin da ke bayan teburin, ya ɗago kai, nan take ya manta abin da yake rubutawa. "To me ya rage, ranki ya daɗe? Ruwa?"

Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Daga wannan dariya bawan Allah bai sake samun kansa ba.

Abin haushin, duk garin babu wanda ya fi Hazem sanin amsar tambayarta. Mahaifinsa, Baffa Fathi, shi ne mai amalanken ful a bakin kasuwar Sayyida Zainab, wake ne da ake dafawa a tukunyar tagulla har ya narke, a zuba mai da lemon tsami. Tukunyar nan ce ta kai Hazem jami'a, ita ta ɗinka masa kwat ɗin da yake taƙama da ita. Amma a otal cewa yake babansa "yana harkar gidajen abinci".

Sai ya riƙa kai Selma manyan gidajen abinci na Zamalek, unguwar masu kuɗi, inda ake jera ganye a farantin da ya fi abincin girma. Tun suna hirar abinci har aka koma hirar zuciya.

"Zomanyata, kin ci abinci?" ya rubuta mata wata rana.

"Na ci latas. Hazem, ina sonka, amma in aka ci gaba a haka kunnuwana za su yi tsawo."

Ran wata Asabar da safe saƙonta ya shigo: "Na gano shi! Abincin da ya fi kowanne daɗi a garinku. Zo yanzu, ka zo da yunwarka."

Ya je ya same ta, suka shiga tasi. Duk kwanar da direba ya sha, Hazem ya san ta. Da suka wuce masallacin Sayyida, ya tabbata wurin mahaifinsa za su.

Baffa Fathi na tsaye da ludayi, yana tsokanar masu saye. Selma ta kutsa cikin taron. "Baffa, ga wanda na ba ka labari!"

Tsohon ya ɗago, fuskarsa ta washe, ya buɗe baki zai yi magana. Hazem ya girgiza kai kaɗan, ya sunkuyar da ido. Baffa Fathi ya rufe bakinsa, ya goge hannu a jikin riga.

"Sannu da zuwa, Basha," ya ce a hankali, da laƙabin da ake kiran manyan mutane. "Da yaji ko babu?"

Hazem bai amsa ba. Tsohon ya zuba, ya miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ake yi wa manyan baƙi. Selma tana ci tana santi, har ta ƙara da ta'amiya mai zafi, ƙosan nan mai koren ciki. Shi kuwa juya waken kawai yake yi a kwano. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

A gida mahaifiyarsa, Ummu Hazem, ta tare shi tun daga ƙofa, don labari ya riga shi isowa.

"Basha! Basha ya dawo! A gaban 'yan kasuwa ka yi wa ubanka haka? A kan wa? Yarinyar da ko agwagwa ba ta ci? Wallahi ba za ta taka gidan nan ba."

Baffa Fathi kuwa wakensa na gobe kawai yake tsincewa, ko kallon Hazem bai yi ba. Wannan ya fi faɗan ciwo.

Sai wayar Hazem ta yi ƙara. Selma ce.

"Ba ka amsa masa ba, amma ya zuba maka babu yaji, ya ƙara maka lemo. Kuma hancinku ɗaya. Hazem, babana motoci ya wanke a garinmu Malmo har na girma, hotonsa da bokiti ne a fuskar wayata. Wanda ya ji kunyar ubansa, wata rana zai ji kunyata. Kada ka kira ni."

Washegari ya sa kwat ɗinsa, amma bai nufi otal ba, sai wurin amalanken. A gaban taron masu karin kumallo ya kama hannun tsohon mai ƙanshin tafarnuwa, ya sumbata, ya ɗora a goshi.

"Baba, ka yafe mini."

Idon Baffa Fathi ya kawo ruwa, ya waske. "Kauce, kana tare mini masu saye. In aiki ka zo, cire wannan rigar ka karɓi ludayi."

Yana cikin zubawa, yana ɓarin rabi a ƙasa, sai ga Selma, don fushinta bai shafi waken ba. Hazem ya ɗaga murya yadda har mai sayar da jarida sai da ya juyo.

"Selma, wannan shi ne mahaifina. Ni ɗan mai wake ne."

Ta daɗe tana kallonsa. "Na sani, ɗan mai wake. Ni da yaji nake so."

Saura Ummu Hazem. Da ƙyar ta yarda a kawo mata yarinyar, kuma ranar ta gasa agwagwa, don a wurinta ba wa baƙo wake zubar da mutunci ne. Selma ta ba da haƙuri, tsohuwa ta ɗaure fuska. Ana cikin haka sai ƙanshin soyayyar albasa ya biyo iska daga kicin.

"Mama, mene ne wancan?"

"Ba komai," in ji tsohuwar, ita ma tana jin kunya. "Bisara ce, faten wake. Namu ne na gida, ba na baƙi ba."

"To ni ba baƙuwa nake son zama ba."

Ta ci, ta ƙara, ta suɗe kwanon da burodi. Ummu Hazem ta dafe ƙirji. "Abin da nake ɓoyewa in an yi sallama! Hazem, in ka bar yarinyar nan ta koma, ban yafe ba."

Bayan ƙaramar salla mahaifin Selma ya sauka daga Malmo, aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Su biyun, mai wake da mai wankin mota, babu mai jin yaren wani, amma sun kasa sakin hannun juna. An yi koshari, wato haɗin shinkafa da taliya, da ta'amiya, an kuma gasa agwagin Ummu Hazem, don wannan kam ba ta bari ba. Amalanken yana bakin rumfa, an lulluɓe shi da furanni, ango da kansa ya turo shi.

Da amarya da ango suka iso gabansa, Baffa Fathi ya ɗaga ludayi yana ƙunshe dariya.

"Basha, da yaji ko babu?"

"Ka fi ni sani, Baba."

Tsohon ya zuba musu a kwano ɗaya, gefe da yaji, gefe babu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su kira ku da sunanku a gaban kowa."

Hazem ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.